Bashin da ke kan baitulmali: naƙasassun Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, da masu ɗawainiya da su

 

Maganar da ta tara jama'a a nan magana ce ta kuɗi, kuma gara a faɗi haka tun da fari, domin kada wani ya zaci wa'azin tausayi za a yi. Tausayi bai taɓa yin ƙaranci a ƙasar Maraɗi ba. Duk wanda ya bi ta ƙofar masallaci ranar Juma'a, ko ya tsaya ƙofar gidan wani Alhaji cikin watan azumi, ya san hannun mutanen wannan gari a buɗe yake. Abin da ya yi ƙaranci shi ne layi guda cikin kasafin kuɗin ƙasa da na gundumomi, layin da aka rubuta adadi a gabansa, aka fitar da adadin nan, ya kuma iso hannun wanda aka yi dominsa. To tambayar ita ce: shin kula da naƙasasshe, da tallafa wa wadda ke ɗawainiya da shi dare da rana, alheri ne da mai hali ke yi in ya ga dama, ko kuwa bashi ne da ke kan baitulmali?

Ruwan Tibiri

Ba sai an yi doguwar tafiya ba kafin a samo amsa. Tana nan Tibirin Gobir, tafiyar ƴan mintoci a mota daga Maraɗi. A tsakiyar shekarun 1980 aka ba garin ruwan famfo daga rijiya mai zurfi, irin wadda ake kira foraj, kuma kamfanin ruwa na gwamnati, wato SNE, shi ne ya ci gaba da sayar da ruwan nan bayan an kafa shi. Mata suka huta da jan guga, kowa ya yi murna, don ruwa ne garau, ba wari, ba wani ɗanɗano da zai sa a yi zargi. Ashe yana ɗauke da wani sinadari da masana ke kira fuliyor, wanda yake fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, mai yawa kuwa guba ne mai aiki sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1,5 cikin kowace litar ruwan sha. Na Tibiri ya ninka wannan ma'auni fiye da sau uku.

Yadda abin ke aiki shi ne, sinadarin yana taruwa cikin ƙashi da haƙori a lokacin da jiki ke girma, saboda haka yara ya fi yi wa ɓarna. A ƙasa mai zafi ana shan ruwa da yawa, yaron da kuma ba ya samun madara da abinci isasshe ƙashinsa bai da ƙarfin da zai jure. Da farko haƙora ke sauya launi, su yi ja, su riƙa ɓarewa. Daga nan sai ƙafafu su lanƙwashe, gaɓoɓi su sandare, tafiya ta koma azaba, wasu yaran ma har kawunansu suka ƙara girma. Shekara wajen goma sha biyar ana shan ruwan nan, iyaye suna yawon neman magani, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne, kafin maganar ta fito fili a wajajen 2000 da 2001. Ƙididdigar da aka bayar a lokacin ta nuna yara kusan 5000 ne abin ya taɓa, fiye da 400 daga cikinsu kuma ƙasusuwansu sun lalace ƙwarai. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, ta ɗauki maganar ta kai gaban shari'a, a 2002 kuma gamayyar ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya, FIDH, ta fitar da rahoto na musamman a kan yaran Tibiri.

Musulmi ya yi imani da ƙaddara, kuma babu mai jayayya da wannan. Amma ƙaddarar yaran Tibiri ta biyo ne ta bututun hukuma, iyayensu kuma da kuɗinsu suka saye ta, tulu tulu, garwa garwa. Auna ruwa kafin a ba mutane su sha aiki ne na ƴan kwanaki, na kuɗi ƙalilan. Idan rashin yin wannan awo, ko rashin aiki da abin da awon ya nuna, ya gurgunta ɗaruruwan yara, to wa zai tsaya gaban uwayensu ya ce musu su je su nemi sadaka?

Waɗancan yara yanzu ba yara ba ne. Wanda aka haifa a 1988 ya haura shekara 35. Ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an sauya rijiya. Uwar da ta goya shi yana ɗan shekara uku, ta goya shi yana ɗan shekara goma, yau ita ma bayanta ya sunkuya. Diyya, ko da an biya ta cif, sau ɗaya ake biyanta, ɗawainiya kuwa kullum safiya sabuwa take wayewa. Wannan shi ne bambancin da ya kamata masu mulki su gane tsakanin hukuncin kotu da tsarin kula da jama'a.

Kuma kada a ɗauka Tibiri ita kaɗai ce. Sunan da Bahaushe ya ba ciwon da ke shanye ƙafar yaro, shan inna, ya ɗora laifin ne a kan iska, alhali ɗigon magani biyu a baki ke hana shi. Lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003 da 2004, cutar ba ta nemi biza ba kafin ta ƙetaro iyaka, jahar Maraɗi kuma tana bakin ƙofa. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan bisa kekunansu a bakin kasuwa. Annobar sanƙarau ta 1995 ta bar kurame a bayanta. Ƙyanda da amodari sun bar makafi. Doguwar naƙuda a ƙauyen da ba mota ta bar mata da yoyon fitsari, ta bar jarirai da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Kusan kowace naƙasa cikin waɗannan, in aka bi sawunta, za a tarar da wurin da hukuma ta makara.

Ma'aikatan da ba su cikin rajista

Akwai wata ma'aikata a ƙasar nan wadda ta fi kowace ma'aikatar gwamnati yawan ma'aikata, ba ta da minista, ba ta da albashi, ba ta da ranar hutu. Ma'aikatanta su ne uwa, da kaka, da ya, da matar aure, wani lokaci da kishiyar uwa wadda Allah ya sa wa tsoronsa. Su ke ɗagawa, su ke kwantarwa, su ke wanki da wanka, su ke tauna abinci su sa a baki, su ke kwana zaune ranar da farfaɗiya ta tashi. Matar da ke da yaron da ba ya iya zama da kansa ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa gona, ba ta shiga adashi yadda ya kamata domin ba ta da abin zubi, biki da suna ma sai dai ta aika. A Jiratawa, inda fadamar noman rani da aka gyara tun farkon shekarun 1980 ta sa mata da yawa ke samun na cefane daga zogale da kayan lambu, macen da ke tsare da majinyaci tana ganin ƙawayenta suna wucewa da kwando, ita kuwa ƙofar ɗaki ce iyakarta. Gidan ya yi hasara sau biyu ke nan: ga kuɗin magani yana fita, ga hannun da zai nemo ya ɗaure. In kuwa aure ya mutu saboda wannan nauyi, kuma yana mutuwa, sananne ne wajen wa yaron ke komawa.

Sai kuma ƙaramin ma'aikacin da kowa ke gani amma ba mai lissafa shi, wato ɗan jagora. Yaro ne ko yarinya mai shekara bakwai ko takwas, lafiyarsa lau, idonsa garau, riƙe da bakin sanda yana ja gaba. Sa'anninsa suna lakkol ko makarantar allo, shi kuwa yana koyon hanyoyin tasha da ƙofofin masu kuɗi. Makanta ta kama mutum ɗaya, amma mutum biyu ta hana karatu. Bayan shekara ashirin, wannan yaro zai zama magidancin da bai da sana'a, sai a tara taro a Yamai a tambayi dalilin da ya sa talauci ke gadon talauci. A watan Maris na 2022, da gwamnati ta aika jirage suka kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar masu bara daga titunan Dakar, mata da yara mafi yawansu, an yi ta maganar kunyar da aka jawo wa ƙasa. Kunyar ta fi dacewa da tsarin da ya mai da bara ita kaɗai ce fanshon da talaka ya sani.

Dokoki sun cika kundi

Wani zai ce ai akwai doka. Lalle akwai, kuma yana da kyau a karanto su da ranakunsu, domin ranakun nan suna da abin faɗi.

Babban Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991. Gwamnatin riƙon ƙwarya da ya kafa, ƙarƙashin faraminista Cheiffou Amadou, ɗan Kornaka a nan jahar Maraɗi, ita ce ta fitar da doka mai lamba 93-012 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kare naƙasassu. A duba ranar da kyau: kwana uku bayan zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, makonni kaɗan kafin zagaye na biyu da ya ba Mahamane Ousmane nasara. Hankalin ƴan siyasa duka yana wajen ƙuri'a, gwamnatin da ta sa hannu kuma tana ɗaure kayanta. A cikin dokar nan ne aka wajabta wa duk ma'aikata ko kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye da ya keɓe kashi 5 cikin 100 na guraben aiki domin naƙasassu. A watan Nuwamba na 1996, zamanin Janar Bare, aka yafe wa naƙasassu kuɗin kwanciya a manyan asibitocin ƙasa. A Disamba na 1999, ana sauran kwanaki sojojin Wanke su miƙa mulki, aka buɗe asusun ƙasa na tallafa wa naƙasassu. A watan Mayu na 2010, zamanin Salou Djibo, aka yi wa dokar 1993 gyara. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka jingine a 2023, ya ɗora wa gwamnati nauyin daidaita dama tsakanin naƙasassu da sauran jama'a.

Mai lura zai ga cewa yawancin waɗannan takardu a lokacin riƙon ƙwarya ko a hannun soja aka sa musu hannu. Abin da zaɓaɓɓun gwamnatoci za su nuna a matsayin nasu shi ne amincewa da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, ranar 24 ga Yuni 2008, zamanin Tandja Mamadou, da kuma doka mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga Disamba 2019, zamanin Issoufou Mahamadou. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙungiyoyin naƙasassu, musamman tarayyarsu ta ƙasa, FNPH, sun sha gumi kafin a kai nan. To amma a cikin shekara talatin da ƴan kai na mulkin jam'iyyu da yawa, batun bai taɓa zama abin da ake kayar da gwamnati ko a ci zaɓe a kansa ba. Abin mamaki kuwa, sunayen jam'iyyun nan kansu kamar domin wannan batu aka raɗa su: Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Nasara, Jama'a, Gaskiya. Sunaye ne masu daɗin ji. Naƙasasshe dai ya fi sanin jam'iyya da buhun shinkafa da kwalin sukari lokacin yaƙin neman zaɓe, da keken guragu goma da ake jerawa gaban masu ɗaukar hoto.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Jam'iyyun sun ginu ne a kan yanki da manyan mutane fiye da yadda suka ginu a kan manufa, mai ɗawainiya da majinyaci kuwa ba ta zuwa taron gangami, ba ta yin yajin aiki, ba ta tare hanya. Ɗalibi yana da ƙungiyar da gwamnati ke tsoro, malamin makaranta ma haka, ɗan kasuwa yana da aljihu. Ita kuwa in ta yi yajin aiki na yini ɗaya, ɗanta ne zai kwana da yunwa cikin ƙazanta.

Su kansu dokokin, ko da an yi aiki da su sarai, ba su isa inda ciwon yake ba. Kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ya amfani wasu masu takardar digiri, kuma sun cancanta, amma mutum nawa ne cikin ɗari ke aikin albashi a ƙasar da gona da kiwo da kasuwa ke ciyar da jama'a? Yafe kuɗin kwanciya a manyan asibitocin ƙasa, waɗanda a wancan lokaci suke Yamai da Damagaram, me ya rage wa matar ƙauyen Madarunfa da ba ta da kuɗin motar da za ta kai ta? An kuma ga abin da ya faru da maganin kyauta na yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka shelanta a 2006: niyya mai kyau, amma gwamnati ta riƙa makara wajen biyan gidajen likita kuɗinsu, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe, uwa ta koma saye a waje. Kyautar da ba a zuba kuɗinta ba, a kan talaka take komawa.

Akwai kuma matsalar ƙidaya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce naƙasassu kashi 4,2 cikin 100 ne na al'ummar Nijar, wato mutum 700 000 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya. Ba don Nijar ta fi sauran ƙasashe lafiya ba ne aka sami wannan tazara. In mai ƙidaya ya tsaya a zaure ya tambayi maigida ko akwai naƙasasshe a gidan, sau da yawa za a ce babu, saboda kunya, ko tsoron kada ƴan matan gidan su rasa masu neman aure, ko don ba a ɗauki tsohuwar da ido ya dushe ko yaron da bai iya magana ba a matsayin naƙasassu. Ƙasashe da dama sun sauya salon tambayar, suna tambaya ko mutum yana shan wahala wajen gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu, ko wanka da sa tufafi, sai adadin ya tashi. Wanda ba a ƙidaya ba kuwa, ba a yi masa kaso.

Wanda ya riƙe ragamar har yanzu

To wa ya riƙa yin aikin duk tsawon shekarun nan? A ƙauyen Danja, cikin gundumar Jiratawa, akwai asibitin kutare da mishan ta SIM ta kafa tun cikin shekarun 1950, inda aka yi wa dubban mutane magani, aka koya wa waɗanda cutar ta ci wa yatsu yadda za su kiyaye abin da ya rage. A 2012 aka buɗe cibiyar ɗinkin yoyon fitsari a gefensa, da taimakon wata ƙungiya ta Amurka. A cikin birni akwai makarantar kurame, ƙungiyar Handicap International kuma ta yi aikin shigar da yara naƙasassu azuzuwan sauran yara. Duk wanda ya ga wannan aiki zai yaba, kuma yabon gwani ya zama dole. Sai dai kwanon maƙwabci ba ya zama abin dogaro. A 2025 hukumomi suka umurci ƙungiyar agaji ta CICR, wadda ta daɗe tana tallafa wa wuraren ƙera ƙafar roba a Yamai da Damagaram, da ta bar ƙasar, a 2025 ɗin kuma Amurka ta datse mafi yawan taimakon da take bayarwa a duniya. Ƙasar da ke maganar ƴancin kai da bakinta duka, ya kamata a ce ita ke sayen sandar gurgunta.

Masu cewa wannan tunanin Turawa ne, su koma tarihin Musulunci. Malaman tarihi sun ruwaito cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya yanka wa kutare albashi daga baitulmali domin kada su yi bara, ya ba kowane makaho ɗan jagora, ya ba kowane gurgu mai yi masa hidima. Wato fiye da shekara 1300 da suka wuce, hukuma ta gane cewa shi ma mai jagora aiki yake yi, kuma baitulmali ne ya kamata ya biya shi. Sarautun gargajiya na ƙasar Hausa ma, da suka naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, sun amince cewa waɗannan jama'a ce mai bakin magana a fada.

A zamanin nan ma ba sai an je Faransa ba, ko da yake can tun dokar 2005 ana iya biyan ɗan uwan da ya bar aikinsa domin jinyar naƙasasshe. Afirka ta Kudu tana biyan kuɗin wata ga iyayen da ke kula da yaro mai tsananin naƙasa. Gana, wadda ta fi kusa, ta keɓe wani kaso na kuɗin da gwamnatin tsakiya ke aika wa gundumomi, kashi 2 cikin 100 da farko, daga baya aka ƙara, domin naƙasassun kowace gunduma. An yi ta kukan jinkiri da son kai wajen rabon, gaskiya ne, amma kuka ne a kan kuɗin da kowa ya san adadinsu, kowa ke iya tambayar inda suka shiga.

Nijar kanta ta riga ta gina hanyar da kuɗin za su bi. Tun 2011 aka soma shirin tallafin gidaje matalauta da taimakon Bankin Duniya, inda aka riƙa ba mata jika goma ta sefa kowane wata har tsawon shekara biyu, jahar Maraɗi kuma tana cikin wuraren da aka yi shi. An iya yin rajista, an iya kai kuɗi ƙauye, an iya bin sawu. A yi ɗan lissafi da wannan ma'auni: gidaje 400, adadin yaran Tibiri da abin ya fi tsananta a kansu, a ba kowane jika goma a wata, zai kama sefa miliyan 48 a shekara. Kuɗin babbar mota guda ke nan irin wadda manya ke hawa. Abin da ake bukata a sauya shi ne wa'adin, domin shekara biyu ta dace da gidan da fari ya taɓa, naƙasa kuwa ba ta da ranar sallama. Kuma da sunan mai ɗawainiyar ya kamata a rubuta kuɗin, tare da sharaɗi guda: ɗan jagora ya ajiye sanda ya koma aji.

Masu cewa baitulmali ba komai, ga yaƙi a kan iyakoki, ga tsadar rayuwa, ba ƙarya suke ba. Amma a watan Oktoba na 2023 an kafa asusun haɗin kai domin ceton ƙasa, ana cire ɗan abu daga kuɗin waya da na sufuri da wasu hanyoyi, kuɗi kuma suka taru. Wannan ya nuna cewa in hukuma ta ɗauki abu da muhimmanci, tana sanin inda za ta samo. Shi ma yaƙin da ake magana, kullum yana ƙara yawan sojoji da farar hula da suka rasa ƙafa ko ido, da matan da za su yi jinyarsu har ƙarshen rayuwa.

Tun 26 ga Yuli 2023 mulki yana hannun soja ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun gundumomi aka naɗa masu riƙo, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Saboda haka babu ɗan takarar da za a tare a ce masa ya yi alkawari. Akwai dai mai riƙon birnin Maraɗi, da na Tibiri, da na Jiratawa, akwai gwamna, akwai ma'aikatar kuɗi, kuma dokar 2019 tana nan ba a soke ta ba. Bashin yana kan kujerar, ko wane ne ya zauna bisanta, ranar da jam'iyyu suka dawo kuma za su tarar da shi yana jiransu.

Kowace shekara ranar 31 ga Yuli ana bikin ranar naƙasassu ta ƙasa, a yi jawabai, a yi wasanni, a watse. Kasafin kuɗin gundumomi kuwa a watannin ƙarshen shekara ake tsara shi, a cikin ofis, ba kiɗa ba tamboura. Can ne ya kamata Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da shugabannin ƙungiyoyi da wakilan iyaye mata su je su zauna, da takarda a hannu mai ɗauke da sunayen gidaje unguwa unguwa, daga Bagalam zuwa Zariya, daga Tibiri zuwa Danja, su nemi a nuna musu shafin da lambar layin da aka rubuta kason nasu. Su nemi kuma a riƙa auna ruwan kowane foraj da ke jahar, a manna sakamakon a jikin shato inda kowa zai karanta. In watan Yuli ya zagayo, kafin a soma jawabi, a fara karanta wa jama'a nawa aka rubuta, nawa aka fitar, gida nawa ya karɓa.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙarfafa masu jinya.